Zamu je Firenze da yara da surukata a watan Agusta, dan Allah ina neman shawara

Maman Hanan:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san Italiya, musamman garin nan Fulorans da su can suke ce wa Firenze. Abban su Hanan ne aiki zai kai shi birnin Rum a watan Agusta, sai abin ya zo daidai da dogon hutun yara, shine yace mu shirya gaba ɗaya mu bi shi, in ya gama abin da ya kai shi mu wuce Firenze mu yi kamar mako guda. Biza ta fito Alhamdulillah, tikitin jirgi ma an yanka, abin da ya rage tsarin zaman can ne kuma ni aka bar wa shi, shi kam aiki ya sha masa kai.

Mu shida ne, ni da shi da yara uku, babbar shekararta 13, na tsakiya 9, auta 4, sai Hajiya mahaifiyarsa wadda ta haura saba'in kuma tana fama da ciwon gwiwa, tana tafiya da ƙafarta amma ba ta jure doguwar tsayuwa kuma bene yana wahalar da ita sosai. Ita ce ma babbar damuwata wallahi, don ba na so a ce mun ɗauko tsohuwa daga gidanta mun je mun galabaitar da ita.

Abin da nake son sani, otal ya fi ko gidan haya mai kicin, kuma a wace unguwa? Abinci fa, ya ake yi da maganar alade da giya, don an ce min ko burodinsu sai an yi hattara, kuma Hajiya ba ta cin abin da ba ta gane ba. Sannan ina da ɗan abin da na tara ina so in sayi gwal da jaka da takalmi, 'yan uwa ma sun fara aiko da saƙo, ina ne ba za a cuce ni ba? Maigidan kuma yana so ya ɗauki motar haya daga Rum ya tuƙa mu, daga Firenze mu leƙa Pisa da Benis har da Milan in da hali, ni dai ina ganin abin ya yi yawa amma ban san nisan ba. Wanda ya sani ya taimaka dan Allah. Nagode.

Bazazzagin Prato:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo ku lafiya. Ni a Prato nake zaune, tsakaninmu da Firenze ƙasa da rabin awa ne a jirgin ƙasa, to bari in faɗa miki yadda abin yake.

Da farko ki lallaɓa Alhaji ya bar maganar motar nan. Tsakiyar Firenze gaba ɗaya an killace ta, suna ce masa ZTL, kyamara ce a kowace mashiga, motar da ba ta da izini in ta shiga babu ɗan sandan da zai tsayar da kai, hoton lamba kawai za a ɗauka, sai ka koma gida bayan watanni takardar tara ta biyo ka ta hannun kamfanin da ya ba ka hayar motar, kuma duk shiga ɗaya tara ɗaya ce, in ka ɓace hanya ka zaga ka sake shiga an sake rubutawa. Ga wurin ajiye mota tsada. Jirgin ƙasa mai gudu daga tashar Termini ta Rum awa ɗaya da rabi ne ya sauke ku, kamfani biyu ne, Frecciarossa na Trenitalia da kuma Italo, duka da sanyi da bayi da wurin kaya, Hajiya ta miƙe ƙafarta. Ki yanki tikitin tun yanzu ta intanet ya fi sauƙin kuɗi, ki duba rangwamen iyali, kuma ki tabbata tashar da kika zaɓa Firenze Santa Maria Novella ce, don akwai Rifredi da Campo di Marte su ma Firenze ne amma ba a tsakiyar gari suke ba.

Milan da Benis kuma ku cire su. Benis ta haura awa biyu zuwa kawai, kuma gari ne na gadoji masu matakala, ko'ina ka juya sai ka hau ka sauka, mai ciwon gwiwa ba za ta ji daɗinsa ba ko kaɗan. Pisa ce mai yiwuwa, kamar awa ɗaya ce, a je da safe a dawo da azahar. In tikitin takarda kuka saya na ƙaramin jirgi to sai an cusa shi a ɗan injin da ke bakin layin ya buga masa lokaci kafin a hau, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci ku tara ko da kun biya.

Masauki gidan haya mai kicin, babu tantama. Amma kafin ki biya ki rubuta wa mai gidan ki tambaye shi abu uku, akwai lifta, akwai na'urar sanyaya ɗaki a kowane ɗaki, sannan daga ƙofar titi zuwa liftar matakala nawa ne. Gine-ginen tsakiyar garin na ɗaruruwan shekaru ne, da yawa babu lifta, kuma bene ɗaya nasu tsawonsa ya kai biyu na zamani. Zafin Agusta a Firenze ba na wasa ba ne, garin a kwari yake tsakanin tuddai, iska ba ta ratsawa, yana haura digiri 35, ga sauro da yamma saboda kogin Arno. Kar ki ce ai mun saba da rana, a gida da rana a inuwa ake ko a mota, can kuwa a ƙafa za ku wuni a kan dutse. Ku fita da sassafe, sha biyu ta yi muku a gida, a yi azahar a ci abinci a kwanta, sai bayan la'asar a sake fita tunda magariba sai wajen takwas da rabi a farkon watan. Unguwa kuma ni Santa Croce zan ce ko wajen Sant'Ambrogio, akwai kasuwar cefane, kuma masallacin da muke zuwa Juma'a a nan wajen Piazza dei Ciompi yake. Abu ɗaya da zai yi muku daɗi, kusan kowane bayin gida da na otal a Italiya akwai wurin tsarki na zama a gefen masai mai famfonsa, ba sai kun sha wahalar buta ba.

Za a karɓi harajin kwana a masauki, kowane mutum kowane dare, yara ƙasa da 12 ba sa biya. Ranar 15 ga Agusta hutun Ferragosto ne, a wannan makon ƙananan shaguna da gidajen abinci na 'yan gari da yawa a rufe suke sun tafi bakin teku, ki yi cefanenki kafin nan.

Sai abinci. Ki rubuta waɗannan a wayarki: maiale alade ne, prosciutto da pancetta da guanciale da salame da lardo duk daga jikinsa suke, cinghiale aladen daji ne kuma a nan Toskana, yankin da Firenze ke ciki, suna ji da shi sosai, zaki gan shi a takardar abinci ta kusan kowane gida. Wanda ke shammatar mutane shi ne strutto, kitsen alade ne da aka narka, ana sa shi a wasu burodi da kayan fulawa, ba ya wari ba ya nunawa, sai ki karanta jikin leda ko ki tambaya. Burodin Toskana na asali fulawa ce da ruwa da yis kawai, ko gishiri babu, shi lafiya lau. Miyar naman da ake zuba wa taliya, ragù, yawanci akwai jan giya a ciki kuma sau da yawa an haɗa naman sa da na alade, a bar ta. Mahauta na halal suna nan bayan tasha wajen Via Palazzuolo da kewayen San Lorenzo, 'yan Bangaladash da Fakistan da Maroko, a nan zaki samu kaza da rago har da kuɓewa da attaruhu, semolina kuma kowane babban kanti akwai, tuwon Hajiya ba zai yanke ba. Ki taho da kuka da daddawa da yajinki, amma kilishi da dambun nama da man shanu kar ki sa a jaka, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara daga waje, ƙwacewa za a yi a filin jirgi.

Uwar Ɗaki Mai Gwal:

'Yar uwa ni maganar sayayya zan yi miki don ita ce sana'ata. Duk wanda ya je Firenze sai an kai shi Ponte Vecchio, tsohuwar gadar nan da shagunan gwal suka jeru a kanta hagu da dama, kuma ki je ki gani wallahi abin kallo ne, da yamma in an kunna fitilun shagunan ido har ɗaukewa yake. An ce da mahauta ne a kan gadar suna watsa ƙazanta a kogi, sai a 1593 sarkin garin Ferdinando na gidan Medici ya kore su ya zuba maƙeran zinari, tun daga nan suke wurin. Amma kallo daban ciniki daban. Hayar shago a kan gadar nan a jikin sarƙarki za a fanshe ta.

Ki gane wani abu, gwal ɗin Italiya 18 ne, zaki ga an buga 750 a jikin maƙullin sarƙa ko cikin zobe, da ɗan hatimin maƙeri a gefe. Ba 21 ko 22 ba ne irin na Saudiyya da Dubai da muka saba ajiyewa. Abin da kike biya a Italiya aiki ne, kuma aikin nasu babu na biyunsa, sarƙa ce za ta kwanta a wuya sumul, maƙulli ba ya ɓallewa, launi ba ya canzawa. To amma ranar da kika kai shi kasuwa a gida za ki sayar, a sikeli za a ɗora, giram nawa ne 18 ne ko 21, babu mai biyanki kuɗin aiki. Don haka in kadara kike so ki ajiye kuɗinki, ba nan ba ne wurin. In kuwa na sawa ne kike so wanda za ki shiga biki a tambaye ki ina kika samu, ki sayi ɗaya ko biyu masu kyau ki huta. Ki ce a auna a gabanki, ki duba farashin giram na ranar a wayarki, sai ki san nawa ne gwal nawa ne aiki. Shagunan cikin lungu da na ƙetaren kogi sun fi na kan gada sauƙi. Mu 'yan sari Arezzo muke zuwa, nan ne masana'antun suke, amma wannan ba tafiyar iyali ba ce.

Jaka da takalmi kuma, rumfunan San Lorenzo tamkar kin shiga Kantin Kwari ne, kira ake ana jan hannu, kuma ana taya ciniki, in ya ce ɗari ki fara daga ƙasa sosai. Sai dai ba duk abin da aka rubuta wa Italiya ne fatar kirki ba. Ƙanwata ta sayi wata jaka a wata rumfa mai shagon yana ta rantsuwa har da kunna ashana a jikinta wai ta ga ba ta ƙonewa, ba a rufa wata uku ba hannun ya fara ɓarewa, ashe garin fata ne aka manne da roba. Ki buɗe jakar ki duba bakin yanka da bayan fatar, ki shinshina, ki duba ɗinki da zif. In kina so hankalinki ya kwanta ki je Scuola del Cuoio da ke bayan cocin Santa Croce, makarantar dukanci ce da aka buɗe bayan yaƙin duniya na biyu don koya wa marayu sana'a, a gabanki suke yanka suna ɗinki, har harafin sunanki za su buga miki da ruwan zinari. Da tsada amma abin zai daɗe. Manyan sunaye irin su Gucci da Ferragamo 'yan garin ne, suna layin Via Tornabuoni, kuma kun yi sa'a rangwamen bazara da ake farawa a farkon Yuli yana kaiwa Agusta, sai dai lambobin takalmi masu kyau sun ƙare a lokacin. Waɗanda ke shimfiɗa jakunkunan jabu a ƙasa kuwa kar ki ko tsaya, a Italiya mai saye ma tara ake cin sa.

Ki riƙa yawo da fasfonki ranar sayayya. Duk shagon da kika kashe sama da yuro 70 ki ce su cika miki takardar mayar da haraji, harajin kashi 22 ne cikin ɗari, ba duka ake dawo da shi ba don kamfanin yana cire nasa, amma a kuɗin gwal abin da zai dawo ba kaɗan ba ne. A filin jirgi ranar fita ake tantancewa, kayan su kasance a hannunki ko za a ce a gani, ki je da wuri don layi. Tsabar kuɗi kuma in ta kai yuro 10,000 dole ki bayyana a shigowa, kuma ba kowane shago ne zai karɓi 5,000 a hannu ba, ki tanadi kati mai aiki. Saƙon 'yan uwa kuwa wanda bai turo kuɗinsa ba kar ki ɗauka.

Ummu Ɗaliba:

Anti sannu da shiri. Ina karatu a Pisa, Firenze kuma muna yawan shiga. Abin da ba a faɗa miki ba kuma gara ki sani tun daga gida shi ne gumaka. Garin nan cike yake da mutum-mutumin dutse tsirara, ba sai kin shiga gidan tarihi ba, a babban dandalin Piazza della Signoria ma suna tsaye a fili. Wanda kowa ke layi a kansa a gidan tarihin Accademia, na Dauda wanda Michelangelo ya sassaƙa ya gama a 1504, tsawonsa ya haura mita biyar kuma babu ko ƙyalle a jikinsa, kuma Annabi Dauda suke nufi da shi. Ni dai ba zan kai Hajiya wurin ba, kuma ba na jin ku ma zaku ji daɗin tsayawa a gabansa da 'yar shekara 13. Uffizi ma haka, zane-zane ne na coci da na tatsuniyoyin Girkawa, ɗaki bayan ɗaki, awa uku kana tafe. In Alhaji mai son zane ne ya je shi kaɗai da safe, a rufe yake ran Litinin, kuma a yanki tikiti mai lokaci tun kafin ranar.

Inda zan ce a kai yara shi ne Museo Galileo, yana bakin kogi bayan Uffizi, babu cunkoso kuma da lifta. Akwai madubin hangen taurari na Galileo na ainihi guda biyu, sannan akwai kayan auna taurari na malaman Musulmi da rubutun Larabci a jiki, har da wata ƙwallon tagulla da aka zana taurarin sama a kanta, a Andalus aka ƙera ta tun ƙarni na 11. In kin tsaya kusa da gilashin zaki iya karanta sunayen taurarin da kanki, yaron nan mai shekara 9 in yana zuwa islamiyya ki sa shi ya gwada haɗa baƙin. A tsohuwar fadar garin, Palazzo Vecchio, kuma akwai ɗakin taswirori, an zana ƙasashen duniya a jikin ƙofofin kabad tun ƙarni na 16, da na Afirka a ciki, yara suna son neman inda suka fito.

Babbar cocin, Duomo, ko daga waje ta isa kallo, marmara ce fari da kore da ja-ja. An fara ta a 1296, ƙubbar kuma Brunelleschi ne ya gina daga 1420 zuwa 1436, da bulo, ba tare da ya kafa katakon da zai tallafe ta daga ƙasa ba, har yau magina suna nazarin yadda ya jera bulon. Hawa samanta matakala 463 ne, babu lifta, hanyar ƙunci ce kuma in ka fara babu juyawa, to Alhaji da manyan yaran biyu su hau, ke da Hajiya da auta ku zauna a Piazza della Repubblica akwai lilon dawakai mai juyawa. Don ganin gari daga sama ba tare da wahala ba ku ɗauki tasi ko bas mai lamba 12 ko 13 zuwa Piazzale Michelangelo kafin faɗuwar rana, har bakin wurin mota ke kaiwa, daga nan ana ganin ƙubbar da kogin da gadojin duka. Tasi ba a tsayar da ita da hannu a titi, sai a tasharta ko a kira, kuma ku shida ku ce babba kuke so. Cikin gari akwai ƙananan bas masu lamba C1, C2, C3 da ke ratsa lunguna, za su taimaki Hajiya. Ki sa mata takalmi mai taushin ƙasa don duwatsun titin ba daidai suke ba.

In kun zo Pisa, hasumiyar nan mai karkata ba a barin yaro ƙasa da shekara 8 ya hau, ki shirya wa auta zuciyarsa tun a jirgi. Askirim ɗinsu gelato kuma kullum sai yara sun nema, ki guji malaga da zabaione da duk mai rum, da giya a ciki, tiramisù ma a tambaya. Wanda aka tula ya yi tsini da launi mai ƙyalli na 'yan yawon buɗe ido ne, na kirki a cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi yake. Ku riƙe gorar ruwa, a jikin bangon Palazzo Vecchio akwai famfon ruwan sanyi kyauta har da mai gas. Jaka a gaba a tasha da cikin bas, kuma ki ja wa yara kunne kan masu shimfiɗa hotuna a tsakiyar hanya, in ƙafa ta taka sai su ce sai an biya.

Ɗan Damagaram:

Salamu alaikum. Ni ina ganin an tsoratar da Hajiya da yawa a kan abinci, kamar sai a gida za a ci komai. Mutum ya je har Firenze bai zauna a gidan abincinsu ba ai bai ga garin ba. Akwai abubuwa da yawa da babu nama sam: pappa al pomodoro burodi ne da tumatir da man zaitun an dafa ya yi laushi, tsohuwa za ta iya ci, ribollita wake ne da ganye da burodi, sai dai a tambaya ko an sa ƙashi ko fatar alade a romon, ga taliya da tumatir, ga pizza margherita, ga kifi gasasshe. Ku hau saman Mercato Centrale, ginin kasuwar tun 1874 yake, saman an mai da shi wurin cin abinci, kowa ya zaɓi nasa a haɗu a tebur ɗaya, kuma ba ya rufewa da rana kamar sauran da sai bakwai ko bakwai da rabi na yamma suke buɗewa. Kuɗin zama da ake ce wa coperto a kan kowane kai yake, har yara, ba cuta ba ce al'adarsu ce, a rubuce yake a ƙasan takarda.

Naman sa da suka shahara da shi, bistecca, da nauyi ake sayarwa, guda ɗaya ya kai kilo, farashin da zaki gani sau da yawa na giram ɗari ne ko na kilo, a tambaya kafin a gasa, kuma cikinsa ja suke kawo shi. Da lampredotto, tumbin saniya ne a cikin burodi da yaji, a bakin titi ake sayarwa. Ni ina ci a kan yankan ma'abota littafi, na san wasu ba su yarda ba saboda yadda ake sumar da dabba a mayankarsu, kowa ya tambayi malaminsa kafin ya taso.

Bazazzagin Prato:

Malam na Damagaram gaskiyarka a kan miyar wake da kifi, amma naman nan ni ban ci ba kuma ba zan ce baƙo ya ci ba tunda ga na halal a bayan tasha, kuma a kan gasa ɗaya ake ɗora shi da haƙarƙarin alade a gidaje da yawa. Wannan ko malamin da ya halatta yankan ai zai tsaya a kansa.

Hajiya mai gwal kuma kin tuna min, fatar da ake ɗinka wasu jakunkunan da takalman nan tamu ce. Fatun awaki da tumaki da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa, Italiya na cikin manyan masu sayensu, kuma garin majema Santa Croce sull'Arno yana nan tsakanin Firenze da Pisa, jirginku ma ta yankin zai bi. Jan akuyar Sakkwato da Maraɗi sun san ta sarai. Hulɗar ma ta daɗe, tun a 1252 Firenze ta fara buga kuɗin zinarinta fiorino, a zamanin da zinarin Afirka ta Yamma ke tsallaka Sahara a kan raƙuma, har akwai wani ɗan garin Benedetto Dei da ya rubuta cewa ya je Timbuktu wajen 1470. In Alhaji ya shiga shagon fata ya ce daga Kano yake, ya ga ko tsofaffin cikinsu ba su san sunan ba.

Maman Hanan:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Abban Hanan duka, motar dai ya haƙura, Milan ma ya cire, Benis ce har yanzu yake cewa ko shi da babbar su je su dawo a rana ɗaya mu mu zauna da Hajiya, na ce wannan tsakaninsu. Na samu wani gida kusa da Sant'Ambrogio mai ɗaki uku, matar ta ce da lifta amma akwai matakala takwas kafin a kai gare ta, ina ganin Hajiya za ta iya in ana riƙe ta. Kilishin da na sa a yi min kuwa sai dai a cinye shi a nan. Ummu ƙanwata tambaya ɗaya ta rage, Hajiya da ni duk da hijabi muke fita har ƙasa, ana kallon mutum ko ana hana shiga wani wuri? Kuma keken guragu ana samun haya ko in taho da shi daga gida?

Ummu Ɗaliba:

Anti hijabi ba matsala, ni da shi nake zuwa aji kullum, kuma a Agusta garin cike yake da Larabawan Galf da 'yan Malesiya da Turkawa. A ƙofar coci ma masu guntun wando da buɗaɗɗiyar kafaɗa ake mayarwa, ku wucewa zaku yi. Niƙabi ne za a iya cewa a ɗaga a wurin binciken shiga. Ki zaɓi yadi mara nauyi mai haske saboda zafin. Keken kuma ki taho da naku mai naɗewa, jirgin sama ba ya cajin kuɗinsa, kuma ki gaya wa kamfanin jirgin tun kafin ranar tafiya a tanadar mata mai turawa a filin jirgi, tafiyar cikin Fiumicino, filin jirgin Rum, da nisa. Manyan gidajen tarihi suna ba da aro amma a cikinsu kawai, a titi ne za ki fi buƙatarsa. Matakala takwas ɗin ki ce matar ta turo miki hotonsu ki ga tsayinsu da ko akwai ƙarfen dafawa kafin ki tura kuɗi.